BABI NA HUƊU: TARKEN SARRAFA HASKE A HOTUNAN SEYDOU KEITA DA MALICK SIDIBE

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin shigowar sana'ar ɗaukar hoto Afirka ta Yamma da yadda shagunan hoto suka bazu a manyan garuruwa. A wannan babi kuwa za a ɗora ayyukan mutum biyu a kan faifan nazari, wato Seydou Keita da Malick Sidibe, waɗanda dukkansu suka yi sana'arsu a birnin Bamako na ƙasar Mali. Abin da za a duba shi ne yadda kowannensu ya sarrafa haske wajen fito da fuskar baƙin mutum. An zaɓi haske ne saboda shi ne ginshiƙin wannan sana'a, domin kuwa kyamara ba ta ganin mutum, hasken da ya faɗa a jikinsa ya dawo shi kaɗai take kamawa.

Babin zai yi ƙoƙarin amsa tambayoyi uku. Ta farko, shin ƙa'idojin haske da ake koyarwa a littattafan Turawa sun dace da baƙar fata? Ta biyu, wace hanya waɗannan mutane biyu suka bi, kuma ina suka dace, ina suka gaza? Ta uku, shin hasken da ake yabawa a manyan hotunan Keita da ake baje kolinsu a Turai da Amurka nasa ne, ko kuwa na waɗanda suka sake wanke su ne?

4.1 Ƙa'idojin Haske na Littattafai

Yawancin littattafan koyar da hoto sun ginu ne a kan tsarin fitilu uku. Akwai babbar fitila wadda ake ajiyewa a gefe guda na fuska, sama da kai kaɗan. Akwai ƙaramar fitila kusa da kyamara, wadda aikinta shi ne rage duhun inuwar da babbar ta haifar. Sai kuma fitilar baya da ke haska ƙeya da kafaɗu domin ta raba mutum da bango. Daga cikin salailan da suka fi shahara akwai wanda aka laƙaba wa sunan Rembrandt, mai zanen nan na ƙasar Holan da ya rayu daga 1606 zuwa 1669. A wannan salo ana ajiye babbar fitila a kusurwar da ta kai kimanin digiri 45, ta yadda inuwar hanci za ta haɗe da ta kunci, ta bar wata 'yar alwatika mai haske a ƙarƙashin idon da ke ɓangaren duhu.

Idan aka lura da kyau, za a ga cewa wannan tsari ya dogara ne a kan inuwa. Fuskar da take fara tana mayar da haske mai yawa, saboda haka sai an sa mata inuwa kafin tudun kunci da karan hanci su fito. Wato dai an gina ƙa'idar ne a kan wata irin fata, sannan aka koyar da ita tamkar ta kowa da kowa ce.

4.2 Haske da Baƙar Fata

Hasken da ke dawowa daga fatar ɗan Adam iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ke shiga cikin fata kaɗan sannan ya fito a warwatse, shi ne kuma ke nuna launinta. Baƙar fata tana shanye mafi yawan wannan. Na biyu shi ne ƙyallin da ke tashi daga saman fata, musamman inda akwai maiƙo ko gumi, kuma wannan kusan ɗaya yake ga fari da baƙi. Sakamakon haka, a fuskar baƙin mutum ƙyalli ne ke zana siffa, kamar yadda inuwa ke zana ta a fuskar Bature. Idan mafarin hasken ƙarami ne, kamar ƙwan lantarki tsirara, ƙyallin zai taru ya zama farin tabo a goshi da kan hanci, sauran fuska kuma ta nutse cikin duhu. Idan kuwa mafarin mai faɗi ne, kamar sararin sama ko farin bango, sai ƙyallin ya shimfiɗu a hankali, ya bi tudu da kwarin fuska.

Bugu da ƙari, akwai matsalar ma'aunin haske. An tsara wannan na'ura ne ta ɗauki duk abin da ke gabanta a matsayin ruwan toka mai mayar da kimanin kashi 18 cikin 100 na haske. Don haka idan baƙin mutum ya sa farar riga, ma'aunin zai bi rigar ya rage haske, fuska ta fito baƙi ƙirin. Idan kuma aka auna fuskar kaɗai, sai hasken ya yi yawa, fuska ta yi furu-furu, aikin rigar kuma ya ɓace.

Tarihin fim mai launi ya ƙara tabbatar da wannan karkata. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wankin hoto wani kati da aka fi sani da katin Shirley, mai ɗauke da hoton wata Baturiya, domin su daidaita launi da shi. Binciken Lorna Roth, wata malamar jami'a a ƙasar Kanada, wanda aka buga a 2009, ya nuna cewa ƙorafin masu sayar da kayan katako da cakulan, waɗanda launin hajarsu ba ya fitowa daidai a tallace-tallace, yana cikin abubuwan da suka sa aka gyara fim ɗin. Sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fitar da kati mai mata uku masu launin fata daban-daban. Ko da yake Keita da Sidibe sun shahara ne da hoton baƙi da fari, wannan misali yana nuna cewa kayan aikin da suka iso hannun mai hoton Afirka ba don abokan cinikinsa aka ƙera su ba.

4.3 Seydou Keita da Hasken Tsakar Gida

An haifi Keita a Bamako a farkon shekarun 1920, ya kuma fara da sana'ar kafinta wadda ya gada wurin mahaifinsa. A 1935 wani ɗan'uwan iyayensa ya dawo daga Senegal ya ba shi ƙaramar kyamara samfurin Kodak Brownie. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a gidansu da ke unguwar Bamako-Coura. A 1962, shekara biyu bayan Mali ta sami 'yancin kai, gwamnati ta ɗauke shi aikin hoto, ba da jimawa ba ya rufe shagon. Ya yi ritaya a 1977, ya rasu a birnin Faris a 2001.

Abubuwa uku ne suka tsara haskensa. Na farko, yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su, da hasken rana, inda yakan rataya zane a bango a matsayin labulen baya. Na biyu, yana aiki ne da babban fim mai girman santimita 13 da 18, yana kuma ɗora dodon hoton kai tsaye a kan takarda ya wanke ba tare da ya ƙara masa girma ba. Wannan hanya tana adana matakan ruwan toka masu yawa tsakanin fari da baƙi, waɗanda su ne baƙar fata ta fi buƙata. Na uku, saboda tsadar fim, sau ɗaya tak yakan ɗauki kowane mutum. Ashe ke nan dole ne ya gama karantar haske da idonsa kafin ya buɗe idon kyamara.

Bamako tana kusa da layin digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, kusan daidai da Kano. A irin wannan wuri ranar tsaka takan tsaya a tsakar ka, ta cika ramin ido da ƙarƙashin haɓa da inuwa. Abin da akasarin hotunan Keita ke nunawa shi ne ya kauce wa wannan. Inuwoyin da ke cikinsu masu laushi ne, idanu a buɗe suke, babu alamar mutum yana runtse ido saboda rana. Wannan siffa ce ta mutumin da aka tsayar a inuwa, yana fuskantar sarari, ƙasar tsakar gida kuma tana mayar masa da haske daga ƙasa. Wato abin da littattafai ke nema da fitilu uku, shi ya same shi da katanga da sararin sama da yashi.

4.3.1 Hoton Saurayi Mai Riƙe da Fure

Wannan hoto, wanda aka ɗauka a ƙarshen shekarun 1950, yana nuna wani saurayi sanye da farar kwat da tabarau, da alƙalami a aljihu, yana riƙe da fure. Da wuya a sami hoton da ya tara wahalhalun haske kamar wannan: ga farar tufa, ga baƙar fuska, ga tabarau, ga labule mai zane a baya. Duk da haka farin kwat ɗin bai cinye fuskar ba. Ana ganin sheƙi mai faɗi a goshi da kunci yana sauka a hankali zuwa duhu, idanun kuma sun fito sarai. Da ƙaramar fitila aka haska shi, da ɗaya daga cikin biyun ya salwanta, ko dai fuska ko tufa. A nan ne gwanintar Keita ta fi bayyana, domin ya rage tazarar da ke tsakanin fari da baƙi tun a tsakar gida, maimakon ya jira gyara a ɗakin wanki.

4.3.2 Hoton Mace a Kishingiɗe

A wannan hoto na tsakiyar shekarun 1950, wata mata ce kishingiɗe a kan gado mai shimfiɗa ta gidan dara, sanye da riga mai furanni, ga kuma labule mai zane a bayanta. Hasken ya rufe hoton duka daidai wa daida, har kowane zane ya fito raɗau. Manazarta da dama sun yaba wa wannan haɗuwa ta zane a kan zane. Sai dai kuma a nan ne raunin salon yake. Tun da babu inda haske ya fi wani wuri, idon mai kallo yakan fara yawo a kan shimfiɗa da riga da labule kafin ya sauka a kan fuska. Abin da ya ceci hoton shi ne fuska da hannuwa su ne kaɗai wuraren da babu zane, don haka ido ke hutawa a kansu. A wasu hotunan da wannan dabara ba ta yi aiki sosai ba, tufa ta fi mai ita fitowa.

4.3.3 Ra'ayin Abokan Ciniki

A hirarrakin da aka yi da shi a shekarun 1990, Keita ya bayyana cewa yakan ɗauki hoto da fitilar lantarki ma, kuma mutane da yawa sun fi son irin wannan saboda yana sa su fito da haske, amma shi hasken rana ya fi so. Wannan bayani yana da muhimmanci ƙwarai, domin ya nuna cewa zaɓen haske ya wuce batun ƙwarewa kawai. Akwai ja-in-ja tsakanin mai hoto da mai biyan kuɗi a kan wace irin fuska ce kyakkyawa. Keita ya fifita fuskar da ta riƙe launinta, amma bai ƙi yi wa mai kuɗi abin da yake so ba, tun da kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

4.4 Malick Sidibe da Hasken Fitila

An haifi Sidibe a ƙauyen Soloba a tsakiyar shekarun 1930. Ya koyi aiki ne daga 1955 a shagon wani Bafaranshe, Gérard Guillat, kafin ya buɗe nasa a unguwar Bagadadji. Ya sami kyautar Hasselblad a 2003, da kyautar Zakin Zinare ta bikin baje kolin fasaha na birnin Venis a 2007, ya rasu a 2016.

Hausawa kan ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Samari da 'yan matan Bamako na bayan 'yancin kai ba su tsaya a tsakar gida ba, da dare suke taruwa wuraren rawa. Sidibe ya bi su can da ƙaramar kyamara da fitilar walƙiya. Wannan fitila ƙarama ce, kuma kusa take da idon kyamara, saboda haka ta saɓa wa duk abin da aka faɗa a 4.2. Tana daddale fuska, tana tara ƙyalli a goshi. Har ila yau ƙarfinta yana raguwa da sauri, domin idan nisa ya ninka sau biyu, hasken da ke isa yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ne ya sa na gaba ke fitowa fes, na baya kuma su dushe.

Amma hoton da ya ɗauka a 1963, wanda aka sani da Daren Kirsimeti, ya nuna yadda ya mayar da wannan rauni ƙarfi. Saurayi da budurwa ne ke rawa a fili, kawunansu sun kusa haɗuwa, ita ba takalmi a ƙafarta. Su biyun suna kusan nisa ɗaya daga fitila, don haka haske ɗaya ya same su. Kawunansu a sunkuye suke, ba su fuskanci kyamara ba, wanda hakan ya hana ƙyallin taruwa a tsakiyar fuska. Bayansu ya dushe, sai duhun ya keɓe su daga sauran jama'a. Ga kuma wani amfani da hasken Keita ba zai iya bayarwa ba: walƙiyar tana tsayar da motsi, ta kama ƙafa a tsakiyar taku. Hasken Keita yana buƙatar mutum ya daskare, shi ya sa mutanensa suke da kwarjini da natsuwa. Na Sidibe kuwa yana barin mutum ya motsa, shi ya sa nasa suke da fara'a da rai. Duk da haka ba za a rufe ido ga asarar ba, domin a yawancin hotunan taron, laushin fata da ake gani wurin Keita babu shi.

4.5 Matsalar Sake Wanki

A 1991 an nuna wasu hotunan Keita a wani baje koli mai suna Africa Explores a birnin New York, aka rubuta cewa ba a san mai su ba. Daga nan ne André Magnin ya tafi Bamako a madadin attajirin nan mai tara kayan fasaha, Jean Pigozzi, inda Sidibe ya shaida cewa aikin Keita ne. A 1994 aka baje kolin hotunansa a gidauniyar Cartier da ke Faris, a 1997 kuma a gidan Gagosian da ke New York. An sake wanke waɗannan hotuna ne daga dodanninsu na asali, aka ƙara musu girma, wasu har sun haura mita ɗaya, aka kuma tsananta baƙinsu da farinsu. Jaridar New York Times ta yi dogon sharhi a 2006 a kan takaddamar da ta taso game da mallakar dodannin da kuma yadda ya kamata a wanke su.

Wannan batu ya shafi tarken haske kai tsaye. Idan aka tsananta baƙi da fari, matakan ruwan toka na tsakiya su ne ke fara ɓacewa, kuma a cikinsu ne baƙar fuska take. Zanen atamfa da na labule sai su ƙara tsalle, fuska kuma ta ƙara duhu. Ke nan raunin da aka nuna a 4.3.2 yana ƙaruwa a manyan hotunan, ƙarfin da aka nuna a 4.3.1 kuma yana raguwa. Gaskiya ne Keita ya ga irin waɗannan hotuna da ransa, ya sa hannu a kan da yawa daga cikinsu, don haka ba za a kira su jabu ba. Amma mai tarke ya wajaba ya faɗi wanne yake magana a kai, ƙaramin da aka wanke a Bamako don a rataya a ɗaki ko a aika wa dangi, ko kuwa babban da aka wanke don bangon gidan baje koli. Nunin da aka yi a Grand Palais na Faris a 2016 ya haɗa nau'o'in biyu, wanda ya ba masu kallo damar kwatantawa. Hukuncin da ke cikin wannan babi ma bai kuɓuta daga wannan matsala ba, tun da kwafin da suka fi yawo a littattafai na sabon wanki ne.

4.6 Hoto a Matsayin Kirari

Akwai sukar da ake yi wa Keita cewa hotunansa ba su nuna wahalar zamanin mulkin mallaka ba. Kowa a cikinsu ya fito mai wadata, alhali kuwa rediyo da agogo da babur da kwat da ake gani, da yawansu kayan shagon ne da ake ara wa mai zuwa hoto. Haske mai laushi ma yana taimaka wa wannan, domin yana rufe gajiya da kaushin fata. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta auna aikin da mudun da ba nasa ba. Hoton shago ɗan'uwan kirari ne. Maroƙi ba ya zuwa ƙofar mutum don ya lissafa aibinsa, kuma ba a ce masa maƙaryaci saboda haka. Abin da ake tambaya shi ne ko kirarin ya dace da mai shi. A nan ne bambanci yake tsakanin hasken da ke fito da kyawun baƙar fata da wanda ke wanke ta don ta yi kama da wata. Na farko yabon mutum ne da abin da yake da shi, na biyu kuwa yabonsa ne da kayan wani.

4.7 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a iya fahimtar cewa ƙa'idojin littattafai ba su wadatar ga baƙar fata ba, domin ita ƙyalli ke siffanta ta. Keita ya warware matsalar da haske mai faɗi na inuwar tsakar gida da babban fim, ya sami laushin fata da kwarjini, amma a wasu lokuta zane ya rinjayi fuska. Sidibe ya karɓi kaushin fitilar walƙiya, ya yi asarar laushi, ya sami motsi. An kuma ga cewa sake wankin da aka yi daga shekarun 1990 ya sauya hasken Keita, don haka sai an yi hattara wajen yanke masa hukunci.

Tun da rana ɗaya ce ke haska Bamako da Kano da Damagaram, darussan sun shafi masu hoton ƙasar Hausa: a guje wa ranar tsaka, a tsayar da mutum a bakin inuwa yana fuskantar sarari, a sa farin ƙyalle ko bango ya mayar da haske ƙarƙashin haɓa, a kuma daidaita farar riga da fuska tun kafin ɗauka. Zaɓin da ya fuskanci Keita tsakanin fuskar da ta riƙe launinta da wadda aka haskaka bai gushe ba, sai dai ya tashi daga fitila ya koma kwamfuta da wayar hannu. Babi na gaba zai dubi yadda wannan zaɓi ke bayyana a hotunan biki.